Karatu Mai Zama A Kai: Jagora Ga Ɗaliban Kwalejoji

Gabatarwa

Kowace shekara idan aka buɗe sabon zangon karatu, samari da 'yan mata daga Sabon Garin Nangere da sauran ƙauyukan ƙasar Tikau sukan ɗaura kayansu su nufi makarantun gaba da sakandare. Waɗansu sukan tsaya nan kusa, a Kwalejin Ilmi ta Tarayya mai koyar da fasaha da ke Potiskum. Waɗansu su wuce Gashuwa, Kwalejin Ilmi ta Umar Suleiman, waɗansu kuwa su tafi Damaturu, inda Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Jihar Yobe suke. Yadda abin yake a Nangere haka yake a kowace kusurwa ta Nijeriya.

Kujerar da ɗalibi ke zama a kai cikin aji ba da sauƙi ta samu ba. Kafin a biya kuɗin rajista, sau da yawa sai an fitar da buhun wake ko na riɗi an sayar, ko kuwa a kora sa zuwa kasuwar shanu ta Potiskum ranar Laraba. Ban da wannan, mutanen wannan yanki sun ga tashin hankali a kan neman ilmi. A watan Yuli na 2013 'yan bindiga suka afka wa makarantar sakandaren Mamudo, a ranar 10 ga Nuwamba 2014 kuma bam ya tashi a wurin taron safe na makarantar sakandaren kimiyya da fasaha ta Potiskum, ɗalibai fiye da 40 suka rasu. Duk da haka iyaye ba su fasa tura 'ya'yansu makaranta ba.

Saboda haka abin takaici ne a ga ɗalibi ya shekara uku a kwaleji ya komo gida da sakamako maras kyau, ko kuwa ya komo da takarda amma kansa wayam. Galibin waɗanda wannan ke samu suna da ƙwaƙwalwa, suna kuma da ƙoƙari, har akwai masu kwana a kan littafi sai asuba. Abin da ya kuɓuce musu shi ne hanya, gama an koya musu darussa iri iri, amma ba a taɓa zaunar da su an koya musu yadda ake yin karatun kansa ba. Manufar wannan ɗan littafi ita ce ya bayyana wannan hanya ga ɗalibai, maza da mata, da iyayensu, da malamansu.

Bambancin Sakandare Da Kwaleji

A sakandare malami ne ke jan yaro. Shi zai rubuta bayani a allo, ya duba littattafai, ya hukunta wanda bai yi aikin gida ba. A kwaleji kuwa malami zai shigo ya yi lacca ta sa'a ɗaya ko biyu, ya faɗi littattafan da za a duba, ya fita. Ba mai bin ɗalibi ɗaki ya ga ko ya yi karatu. Wannan sakewa ita ce tarkon farko da ke kama sababbin ɗalibai, domin sukan zaci tun da ba mai tambayarsu, babu abin da ake binsu.

Alhali kuwa lissafi yana tafiya tun daga makon farko. Bisa ƙa'idar da Hukumar Kula da Kwalejojin Ilmi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1989, ta shimfiɗa wa masu neman takardar shaidar malanta ta NCE, ana raba makin kowane darasi gida biyu: maki 40 na gwaje-gwaje da jinga da ake yi cikin zango, maki 60 na jarrabawar ƙarshen zango. Haka kuma ana bukatar ɗalibi ya halarci kashi 75 cikin ɗari na laccoci kafin a bar shi ya zauna jarrabawa. Alal misali, wanda ya tara maki 30 cikin 40 na farko, maki 40 kawai yake bukata a jarrabawa ya kai 70, watau daraja ta ƙoli. Wanda kuwa ya yi sakaci ya tashi da maki 10, sai ya cinye 60 ɗin nan duka, ba kuskure ko ɗaya, kafin ya kamo shi. Bugu da ƙari, makin shekarar farko yana bin ɗalibi har ranar da zai fita, don da shi ake haɗa jimlar ƙarshe. Da sanyin safiya ake kama fara.

Yadda Mantuwa Take Aiki

Kafin mutum ya san maganin mantuwa, ya kamata ya san halinta. Wani masani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus shi ne ya fara auna ta, ya buga sakamakon bincikensa a 1885. Ya riƙa haddace jerin gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana, sa'an nan ya bari lokaci ya wuce, ya koma ya ga yawan wahalar da zai sake sha kafin su dawo masa. Sai ya tarar cewa bayan sa'a guda fiye da rabi ya zube, bayan kwana ɗaya kuma wajen kashi biyu cikin uku ya tafi. Daga nan sai zubar ta yi sauƙi, abin da ya saura ya riƙa raguwa a hankali.

Gaskiya ne abin da mutum ya fahimci ma'anarsa ba ya gudu da sauri kamar waɗannan gaɓoɓi, amma tafiyar iri ɗaya ce: ɓarna mafi yawa tana aukuwa ne a kwanakin farko. Ke nan ɗalibin da ya rubuta lacca ranar Litinin ta makon farko, ya rufe littafin, bai sake buɗe shi ba sai bayan wata uku da jarrabawa ta ƙarato, ba bita yake yi ba, sabon koyo ne yake yi, ga shi kuma babu malami a gabansa.

Ebbinghaus ya gano wani abu na biyu wanda ya fi na farko amfani. Jerin da sai da ya maimaita shi sau 68 a zama ɗaya, ya tarar maimaici 38 ya ishe shi idan ya rarraba su cikin kwana uku. Watau aiki ya ragu da kusan rabi, sakamako kuwa ɗaya. Masu bincike da suka biyo bayansa a ƙasashe dabam dabam sun gwada wannan a kan yara da manya, a lissafi da harsuna da kimiyya, suka ga haka abin yake. Sa'a shida da aka rarraba cikin kwana shida sun fi sa'a shida na dare ɗaya albarka.

Abin Da Magabata Suka Daɗe Da Sani

Wannan magana ba baƙuwa ba ce a ƙasar Borno da Yobe, wadda almajirai ke kira Gabas, wadda kuma ta shahara wajen hadda tun zamanin daular Borno. Duk wanda ya lura da yadda ake karatu a tsangaya zai ga abubuwa uku. Na farko, kaɗan ake rubuta wa almajiri a allo, gwargwadon abin da kansa zai ɗauka. Na biyu, ba a ba shi izinin wanke allo sai ya kife shi ya kawo karatun da ka a gaban malam. Na uku, bayan ya wanke ya ci gaba, ba ya watsar da na baya, da asuba da dare yana komawa yana tisa shi. Da wannan tsari ne, ba da wani sirri ba, gardi ke kai ga matsayin da zai zauna ya rubuta littafi sukutum da ka.

Haka kuma Shehu Zarnuji, malamin da ya rayu wajen shekara 800 da suka wuce, a cikin littafinsa Ta'alimul Muta'allimi wanda har yanzu ake karantawa a zaurukan malamai, ya shawarci mai neman ilmi ya maimaita darasin jiya sau biyar, na shekaranjiya sau huɗu, wanda ya gabace shi sau uku, haka har zuwa sau ɗaya. Wanda ya dubi wannan shawara ya dubi abin da Bajamushen nan ya auna, zai ga hanya ɗaya suka bi.

Manomin Nangere ma ya san haka a gonarsa. Ba ya shuka gero ya juya baya sai kaka. Zai dawo ya yi firi tun ciyawa tana ƙarama, ya sake dawowa ya yi maimai. In ya bari sai ta ci ƙarfin shuka, ko gayya ya kira ba zai sami abin da maƙwabcinsa ya samu ba.

Sai dai akwai gargaɗi guda. Karatun kwaleji yana bukatar fahimta kafin hadda. Malamin jarrabawa yakan juya tambaya, ya ce a kwatanta, ko a kawo dalili, ko a warware matsalar da ba a taɓa gani ba. Mai haddar aku, wanda ya riƙe kalmomi bai riƙe ma'ana ba, nan take yakan rikice. Abin da za a ara daga magabata shi ne tsarin: a ɗauka kaɗan kaɗan, a kawo da ka, a riƙa komawa.

Rufe Littafi A Kawo Da Ka

Yawancin ɗalibai idan sun ce suna bita, abin da suke yi shi ne su buɗe littafi su bi shi da ido sau biyu ko uku, suna ja wa layuka biro a ƙarƙashi. Da yake idon ya saba da shafin, sai zuciya ta ce an iya. Ranar jarrabawa kuwa, da an ɗauke littafin, sai a nemi abin a rasa. Gane abu idan an gan shi daban, iya fito da shi daga kai daban, na biyun kuwa shi jarrabawa ke nema.

A 2006 waɗansu masana biyu na Jami'ar Washington da ke birnin St. Louis a Amurka, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, suka gwada wannan a kan ɗalibai. Suka ba su wani ɗan rubutu. Rukuni ɗaya suka yi zama huɗu suna karanta shi. Wani rukuni kuwa zama ɗaya kaɗai suka karanta, sauran zama uku aka ɗauke rubutun aka ba su farar takarda su rubuta abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu yawan karantawa ne a gaba, da kashi 83 cikin ɗari, ɗaya rukunin kuwa 71. Amma da aka gwada bayan mako guda sai labari ya sha bamban: masu yawan karantawa suka faɗo zuwa kashi 40, masu kawowa da ka suka riƙe kashi 61. Wani abin lura kuma shi ne, masu yawan karantawar su ne suka fi sakankancewa za su tuna.

A 2013 kuma wani masani mai suna John Dunlosky da abokan aikinsa suka tattara bincike mai yawa a kan dabarun karatu guda goma da ɗalibai ke amfani da su. Biyu kaɗai suka sami shaidar amfani mai yawa: gwada kai da tambayoyi, da rarraba karatu cikin kwanaki. Sake karantawa da ja wa layuka biro suna cikin waɗanda aka samu amfaninsu kaɗan ne.

Kawowa da ka yana da wuya, kuma yana nuna wa mutum jahilcinsa ƙiri ƙiri, shi ya sa ɗalibai ke guje masa. Amma gara mutum ya gano ramin da ke kansa a ɗakinsa, inda zai iya cike shi, da ya gano shi a zauren jarrabawa.

Tsarin Da Ɗalibi Zai Bi

Ga yadda za a mayar da waɗannan bayanai aiki:

1. A ranar da aka yi lacca, kafin ya kwanta, ɗalibi ya ba kowane darasi kamar minti goma sha biyar. Ya rufe littafi, ya rubuta manyan abubuwan da ya tuna a wata takarda, sa'an nan ya buɗe ya gwada, ya cike inda ya yi giɓi.

2. Bayan kwana biyu ko uku ya sake waiwayar darasin ta wannan hanya. A wannan karo ba zai ci lokaci kamar na farko ba.

3. A ƙarshen mako ya keɓe sa'a biyu ko uku don tishin dukan abin da aka yi cikin makon, da ɗan abin da ya gabata.

4. A ƙarshen kowane wata ya ɗauko tambayoyin jarrabawar shekarun baya, ya amsa waɗanda aka riga aka koyar, ya sa wa kansa lokaci kamar a zaure yake.

5. Ya rubuta jadawalin mako ya manna a bango, ya sa lokacin lacca, da na ibada, da na abinci, da na hutu, da na karatu. Darasin da ya fi ba shi wuya shi zai ba lokacin da kansa ya fi sarari.

6. Kada zama ɗaya ya wuce kamar minti arba'in zuwa hamsin ba tare da ya tashi ya miƙe ƙafa ya sha ruwa ba.

Wajen zaɓen lokaci, a dubi yanayin wuri. A ƙasar Potiskum zafin watannin Maris da Afrilu da Mayu yakan wuce digiri 40, wanda ya ce zai yi karatu mai nauyi da tsakar rana wahala kawai zai sha. Sa'a guda bayan asuba, lokacin da gari ke da sanyi kuma ba hayaniya, ta fi sa'a uku na azahar. Tun da wutar lantarki ba abin dogara ba ce, ƙaramar fitila mai aiki da hasken rana tana cikin kayan karatu kamar biro da littafi.

Wannan tsari ya dace ƙwarai da waɗanda lokaci ya yi wa ƙaranci. Ɗalibin da ke zuwa daga Nangere kullum a motar haya yana iya yanka 'yan takardu, ya rubuta tambaya a fuska ɗaya, amsa a bayanta, ya riƙa gwada kansa a hanya. Matar aure mai girki da raino, wadda ba ta samun sa'a uku a jere, tana iya samun minti ashirin sau uku a yini, kuma bisa ga abin da bincike ya nuna, ba ta yi asara ba.

Sauraron Lacca Da Karanta Littafi

Ɗalibi ya shiga aji da wuri, ya zauna inda zai ji sosai. Kada ya ce sai ya rubuta kowace kalma da ta fito daga bakin malami, gama hannu ba ya kamo baki, kuma mai tseren rubutu ba ya samun damar tunani. Ya kama manyan batutuwa da misalai da duk abin da malami ya nanata. Akwai wata dabara da Walter Pauk na Jami'ar Cornell ya yaɗa: a ja layi a gefen hagu na shafi a bar fili. Bayan lacca sai a rubuta tambayoyi a filin nan daidai da bayanin da ke dama. Ranar tishi a rufe dama da tafin hannu, a amsa tambayoyin hagu. Ta haka littafin rubutu ya zama malamin da ke yi wa mai shi tambaya.

Abin da bai gane ba kuwa ya tambaya tun a ranar, ko a aji ko a ofishin malami. Jin kunyar tambaya ya kā da ɗalibai da yawa, alhali matambayi ba ya ɓata.

Game da karanta babi a littafi, wani malami na Jami'ar Jihar Ohio, Francis Robinson, ya shimfiɗa matakai biyar a 1946, har yanzu kuma ana koyar da su. A fara duba babin sama sama, a ga kanun batutuwa da zane-zane da taƙaitawar ƙarshe. A mayar da kowane kan batu tambaya. A karanta ana neman amsar tambayar. A ɗaga kai daga littafi a faɗi amsar da ka. Daga ƙarshe a tisa babin gaba ɗaya. Kada kuma ɗalibi ya tsaya ga 'yan takardun da malami ya raba kaɗai. Laburaren kwaleji don shi aka gina, ma'aikatansa kuma aikinsu ne su nuna masa inda littafi yake.

Matsalar Turanci

Yaron Nangere yakan tashi da Karai-Karai ko Fulatanci a gida, ya yi Hausa a kasuwa, sa'an nan ya tarar da Turanci a aji. Sau da yawa abin da ke kā da shi harshen da aka zubo darasin a ciki ne, darasin kansa ba shi da wuya. Maganin wannan kashi biyu ne. Da farko ya gwada bayyana darasin da harshen da ya fi iyawa, kamar yana yi wa ƙanensa bayani. In ya iya, ya fahimta, in ya kasa, kalmomi kawai ya riƙe. Bayan haka sai ya sake rubuta bayanin da Turanci nasa na kansa, tun da da shi za a yi jarrabawa. Ya kuma ajiye ƙaramin littafi na sababbin kalmomi, ya riƙa duba ƙamus, ya saba da karanta jarida ko littafin labari ko da shafi biyu ne kullum.

Karatun Taro Da Aikin Hannu

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ɗalibai uku zuwa biyar suna iya haɗuwa sau ɗaya ko biyu a mako, da sharaɗin kowa ya yi nasa karatun kafin ya zo. A zaman, ɗaya ya tashi ya koyar ba tare da duba takarda ba, saura su yi masa tambayoyi, gobe wani ya karɓa. Ga mai shirin zama malami wannan riba biyu ce, domin yana tisa darasi, yana kuma koyon tsayuwa gaban aji tun kafin a tura shi gwajin koyarwa. Amma idan taro ya yi yawa, ko ya koma hirar ƙwallo da siyasa, barinsa ya fi.

Masu koyon aikin lantarki da kanikanci da kafinta da gini da aikin gona su sani cewa hannu ma yana da irin tasa hadda. Wanda bai riƙe zarto ba, karanta bayanin zarto ba zai sa ya yanka katako daidai ba. Kada su yi wasa da sa'o'in ɗakin koyon sana'a, ko watannin da ake tura su masana'antu don sanin makamar aiki. Lissafi ma haka yake: da fensir ake koyonsa, a warware matsala bayan matsala, ba da kallon wadda wani ya warware ba.

Barci, Ƙwayoyi Da Wayar Hannu

Barci yana cikin karatu. Tun a 1924 masu bincike biyu a Jami'ar Cornell, Jenkins da Dallenbach, suka nuna cewa wanda ya koyi abu ya kwanta ya fi riƙe shi bisa ga wanda ya koya ya ci gaba da harkokinsa a farke, binciken zamani kuma ya tabbatar cewa cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka koya da rana. Baligi yana bukatar sa'a 7 ko fiye. Mai kwana zaune daren jarrabawa da goro da shayi mai kauri yana rushe abin da ya gina ne da hannunsa.

Mafi muni shi ne shan ƙwayoyi da sunan ƙarin kuzari. Babu ƙwayar da ke sa ilmi a kai. Tiramol da makamantansa sun raba samari da yawa da makaranta, waɗansu har da hankalinsu, kuma saboda irin wannan ɓarna ce Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayu na 2018. Wanda ya ji rauni ko yawan ciwon kai ko zazzaɓi, asibitin makaranta ya kamata ya nufa. Wanda kuma ba ya ganin allo sosai ya je a auna idonsa.

Wayar hannu kuwa tana da amfani, tana da illa. Da ita ake samun littattafai da bayanai a intanet, amma ita ce kuma ke yanka zaman karatu gunduwa gunduwa da saƙonnin WhatsApp da Facebook. Lokacin karatu a kashe ta, ko a ajiye ta nesa da hannu. Manhajojin zamani masu amsa tambaya suna iya taimakawa wajen ƙarin bayani, ko da yake sukan yi kuskure. Amma wanda ya sa su rubuta masa jinga ya miƙa, kamar wanda ya aiki wani ya ci masa abinci ne.

Jarrabawa Da Satar Amsa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya bi tsarin da aka bayyana, makon jarrabawa tishi kawai zai yi, ya yi barcinsa, ya isa zaure da wuri. In an raba takarda ya karanta umarni a natse, ya raba lokacinsa bisa yawan tambayoyi da makinsu, ya fara da wadda ya fi sani, ya rage 'yan mintoci na duba aikinsa.

Wanda bai shirya ba shi ne zuciya ke raya wa satar amsa. Wannan cuta ta daɗe tana damun ƙasar nan. A 1977 tambayoyin jarrabawar WAEC suka fita kafin lokaci har gwamnati ta kafa kwamitin bincike. A 1984 aka yi dokar soja mai hukuncin ɗaurin shekara 21, a 1999 kuma aka kafa dokar laifuffukan jarrabawa wadda ta tanadi tara da ɗauri ga ɗalibi da duk wanda ya taimake shi. Kwalejoji ma suna korar wanda aka kama. Wanda ya tsira bai tsira ba, domin ramin ƙarya ƙurarre ne: ranar da ya tsaya gaban aji, ko aka miƙa masa injin da ya lalace, takardar ba za ta yi magana a madadinsa ba.

Kira Ga Iyaye Da Malamai

Iyaye da mazajen aure suna da rabo a wannan aiki. Ko da uba bai yi boko ba, yana iya tambayar ɗansa abin da aka koya masa a makon nan, ya sa shi ya bayyana masa da harshen gida, wannan kansa tishi ne. A rage wa ɗalibi aike da hidima a lokacin da ya keɓe don karatu, a kuma nemi ganin sakamakon kowane zango, kada a jira sai shekarar ƙarshe. Malaman kwaleji kuma za su taimaka ƙwarai idan suka riƙa buɗe kowace lacca da 'yan tambayoyi a kan darasin da ya wuce, suka kuma keɓe lokaci a makon farko don koya wa sababbin ɗalibai yadda ake karatu.

Kammalawa

Tun daga shirin ba da ilmin firamare kyauta na 1976 har zuwa shirin ilmin bai ɗaya na 1999, babban abin da ke yanke hukunci a kan nasarar kowane shiri shi ne malamin da ke tsaye gaban yara. Ɗalibin da ke kwaleji yau shi ne gobe zai koma firamaren ƙauyensu ya tarar da aji cike da ƙannensa. In ya fito da ilmi mai zama a kai, su ma za su samu. In ya fito da takarda kawai, asarar ba a kansa kaɗai za ta tsaya ba.

Hanyar kuwa ba ta bukatar kuɗi, ba ta bukatar wata baiwa ta musamman. Ɗalibi ya fahimci darasi, ya rufe littafi ya kawo shi da ka, ya koma masa gobe da jibi da mako mai zuwa, ya kuma fara tun daren ranar da aka yi laccar farko. Yau da gobe ita ke sa allura ta haƙa rijiya.